Laburaren Shikago da Matasansa: Tarihin Aron Kayan Aiki da Aron Gwanaye

A watan Yulin 2009 hukumar laburaren jama'a ta birnin Shikago a ƙasar Amurka ta ware wani makeken ɗaki a hawan ƙasa na babbar cibiyarta, wato ginin Harold Washington, ta ce daga ranar na 'yan makarantar sakandare ne su kaɗai. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in mita 500. Aka zuba littattafai da kwamfutoci da kyamarori da kayan kiɗa, aka keɓe ƙaramin situdiyon ɗaukar murya, aka kuma halatta hira da cin abinci, abubuwan da a da ba a san laburare da su ba. Sunan wurin YOUmedia. Cikin 'yan shekaru labarinsa ya karaɗe Amurka, musamman da wasu daga cikin yaran da ke zama a wurin suka zama fitattun mawaƙa. Yawancin masu ba da labarin sukan tsaya kan na'urori, su ce laburare ya waye ya bi zamani. A ganina wannan karatu ya bar jaki yana dukan taiki. Wanda ya bi tarihin laburaren Shikago daga tushe zai ga cewa abin da ya yi tasiri a 2009 tsohon abu ne a birnin: a ara wa ɗan talaka kayan aikin da ba zai iya saya ba, sannan a ajiye masa babban mutum gwanin sana'ar a kusa, wanda zai san sunansa ya kuma duba aikinsa. Rabin farko na wannan al'ada kowa na ganinsa. Rabi na biyu shi ne ginshiƙin, shi ne kuma ake yawan mantawa.

Rabin farkon ya samo asali ne daga wata masifa. A watan Oktoban 1871 gobara ta cinye tsakiyar Shikago, ta bar mutane kusan 100,000 ba matsuguni. Kafin gobarar birnin ba shi da laburaren jama'a na kyauta. Waɗanda ke akwai na ƙungiyoyi ne, sai mai kuɗin rajista ke aron littafi. Da labari ya isa Ingila, wasu mutane ciki har da marubuci kuma ɗan majalisa Thomas Hughes suka yi gangamin tara littattafai, aka haɗa fiye da 8,000, har Sarauniya Victoria ta ba da nata. Kyautar ta sa mahukunta neman inda za su ajiye ta da dokar da za ta riƙe ta. A 1872 jihar Illinois ta yi dokar da ta ba birane damar kafa laburare da kuɗin haraji, ranar 1 ga Janairun 1873 kuma aka buɗe na Shikago a cikin wani tsohon tankin ruwa na ƙarfe da ya tsira daga wutar. Ƙa'idar da aka kafa a ranar mai sauƙin fahimta ce: abin da ya fi ƙarfin aljihun mutum ɗaya, jama'a su haɗa kuɗi su saya, kowa ya yi amfani da shi bi da bi. A wancan zamani littafi ne kayan ilimi mai tsada. Babu abin da ke cikin ƙa'idar da ya ɗaure ta da takarda, saboda haka kyamara da makirufo sun shiga ƙarƙashinta ba tare da an tanƙwara komai ba.

Sai dai buɗe ƙofa daban, shigar mutane daban. A farkon ƙarni na 20 baƙaƙen fata suka yi ta ƙaura daga jihohin kudu, suna gudun wariya da talaucin gonakin auduga, har yawansu a Shikago ya tashi daga kimanin 44,000 a 1910 zuwa kusan 234,000 a 1930. Akasarinsu an cunkushe su a kudancin birnin, a unguwar da ake kira Bronzeville. Da yawa sun fito daga garuruwan da doka ko al'ada ta hana su taka laburare. Marubuci Richard Wright, wanda ya iso Shikago a 1927, ya ba da labari a littafinsa Black Boy cewa a Memphis sai da ya ari katin wani abokin aikinsa farar fata, ya rubuta takardar bogi kamar an aiko shi, kafin ya samu littafi a hannu. Mutumin da ya tashi a haka ba ya ganin gini mai ginshiƙai ya ce nasa ne. Wani likita baƙar fata, George Cleveland Hall, wanda ke cikin hukumar laburaren, ya matsa a gina cikakken reshe a unguwar. Attajiri Julius Rosenwald ya taimaka da fili. Aka buɗe reshen a Janairun 1932 da sunan likitan, wanda ya rasu kafin a gama ginin.

Abin da ya sa reshen Hall ya shiga tarihi mata biyu ne. Vivian Harsh, wadda ta fara aiki a laburaren tun 1909 ta kuma zama baƙar fata ta farko da ta shugabanci reshe a birnin, ita aka damƙa wa wurin, ta riƙe shi har 1958. Ta duƙufa tara littattafai da takardu kan tarihin baƙar fata, tarin da a yau ke ɗauke da sunanta a laburaren Carter G. Woodson. A 1933 ta kafa wani zaure da ke zama sau biyu a wata, inda masu karatu na unguwa ke tashi su yi sharhin littafi, marubuta kuma su zo su karanta aikinsu a yi musu tambayoyi. Langston Hughes da Zora Neale Hurston da Richard Wright da Margaret Walker da Gwendolyn Brooks duk sun tsaya a wannan zaure. Brooks, 'yar kudancin Shikago, ita ce a 1950 ta zama baƙar fata ta farko da ta ci kyautar Pulitzer. A ɓangaren yara kuma Charlemae Rollins ta kafa ƙungiyoyin karatu da na tarihi, ta yi ta matsa wa kamfanonin ɗab'i su daina zana yaran baƙar fata a wulaƙance, a 1941 ta fitar da jerin littattafan da suka dace a ba yaro. Littattafan da ke reshen Hall ana iya samun irinsu a wasu rassan. Abin da ba a samu a can ba shi ne mutumin da zai ga matashi yana rubuce-rubuce a gefen teburi ya tambaye shi me yake rubutawa, ya miƙa masa littafin da ya dace da shi, ya kuma ba shi taron da zai saurare shi.

Da kwamfuta ta zo, an fara tafka kuskuren ɗaukar rabin farko a bar na biyu. Daga 1997 gidauniyar Bill Gates da matarsa ta kashe maƙudan kuɗi wajen saka kwamfutoci da intanet a ɗakunan karatu na Amurka, cikin shekaru kaɗan kusan kowane laburare ya samu. Aikin ya yi amfani, amma ya fito da wani giɓi da ba a lura da shi ba. Yaron da ke da kwamfuta a ɗakinsa, da mahaifi ko yaya mai nuna masa hanya, yana koyon haɗa bidiyo da tsara sauti; yaron da ke bin layi ya samu minti talatin ko awa ɗaya a laburare yana duba saƙo ne kawai ya tashi. A 2006 gidauniyar MacArthur, wadda mazauninta ke Shikago, ta ware dala miliyan 50 don nazarin yadda matasa ke koyo da kayan zamani. Babban binciken da ta ɗauki nauyi, ƙarƙashin jagorancin Mizuko Ito, ya tattauna da matasa fiye da 800, ya fitar da rahotonsa a 2008. Ya gano cewa matashi kan fara ne da zaman hira da abokai, daga nan ya shiga taɓe-taɓe da gwaje-gwaje ba tare da wata manufa ba, sannan wasu su duƙufa kan fanni ɗaya har su ƙware, galibi idan sun haɗu da waɗanda suka fi su sani. Duk wanda ya san yadda yaro ke koyon ƙira ya san wannan jeri: yana fara zama a bakin maƙera yana kallo, a ba shi zuga-zugi, wata rana maigida ya miƙa masa guduma.

A kan wannan bincike aka tsara YOUmedia. An raba ɗakin gida uku daidai da matakan nan: wurin kujerun hutawa da hira, wurin na'urorin da kowa zai taɓa, da wurin bita inda ake aiki na gaske. Amma shawarar da ta fi kowacce nauyi ita ce ta ma'aikata. Hukumar laburaren, a zamanin shugabancin Mary Dempsey, ta haɗa kai da wata ƙungiya mai suna Digital Youth Network, wadda malamar kimiyyar kwamfuta Nichole Pinkard ta kafa don koyar da yaran kudancin Shikago. Ƙungiyar ta kawo mawaƙa da masu zane da masu ɗaukar fim da masu tsara sauti, mutanen da ke cin abinci da sana'ar, aka zaunar da su tare da ma'aikatan laburare a matsayin jagorori. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Mike Hawkins, marubucin waƙa da yaran ke kira Brother Mike. Shi ya riƙa jagorantar dandalin ranar Laraba, inda kowane matashi ke da damar riƙe makirufo ya karanta waƙarsa ko ya rera gambararsa a gaban ɗaki cike da sa'o'insa. Wanda ya kwatanta wannan dandali da zauren Vivian Harsh zai ga abu ɗaya ne aka sake ginawa bayan shekara 76: babba mai ido, taro mai kunne, da ranar da kowa ya san za a haɗu.

Daga wannan ɗaki ne Chancelor Bennett, wanda duniya ta sani da Chance the Rapper, ya fito. Yana ɗan sakandare ya riƙa zuwa, a situdiyon laburaren ya yi wani ɓangare na aikin faifansa na farko, 10 Day, wanda ya fita a 2012. A 2017 ya ci kyautar Grammy har uku, da kundin da bai sayar a shago ba, ya sake shi ta intanet kawai. Mawaƙa Fatimah Warner, wato Noname, da Saba da Vic Mensa su ma sun yi zama a wurin. Abin lura shi ne wanda waɗannan matasa suka yi wa godiya da suka girma. Da Mike Hawkins ya rasu a Disamban 2014 yana da shekara 38, Chance da abokinsa mawaƙi Malcolm London suka kafa wani dandalin na 'yan sakandare a 2015, suka sa masa suna Open Mike don tunawa da shi. Ba a taɓa jin wani ya kafa taro don tunawa da kwamfutar da ya koyi aiki a kanta ba. Shaidar waɗanda suka ci moriyar wurin ta nuna inda su kansu suka ga darajarsa take.

Akwai masu suka, kuma maganganunsu na da nauyi. Na farko su ne masu cewa laburare gidan karatu ne, wuri ɗaya tilo da ya rage a birni inda mutum zai samu shiru, mayar da shi dandalin kiɗa kuwa miƙa wuya ne ga zamanin da ya riga ya raba yara da littafi. Tsoron gaskiya ne, amma abin da ya faru a Shikago bai tabbatar da shi ba. Ginin Harold Washington mai hawa goma ne. Ɗaki guda aka ba matasa, sauran benayen suna nan da shirunsu. A cikin ɗakin ma littattafai dubbai ne a jere, jagororin kuma sun riƙa ɗora ayyukan waƙa da bidiyo a kan littafin da birnin ke zaɓa kowa ya karanta a shirin One Book, One Chicago. Yaron da ke son baitinsa ya yi armashi ranar Laraba yana da dalilin buɗe diwanin wani mawaƙi, dalilin da jarrabawa ba ta taɓa ba shi ba. Noname, wadda ta fara da karanta waƙoƙinta a wurin, a 2019 ta kafa ƙungiyar karatu da ke da rassa a birane da dama tana kuma aika littattafai gidajen yari, a 2021 ta buɗe laburare nata a Los Angeles. Mutum ɗaya ba ya zama hujja a kan dubu, amma ya isa ya nuna cewa makirufo da littafi ba kishiyoyi ba ne.

Suka ta biyu ta fi ta farko kaifi: mawaƙa huɗu ko biyar da suka yi suna ba sa auna shirin da dubban yara suka ratsa, kuma mai baiwa irin ta Chance da wuya ya rasa hanya ko babu laburare. Wannan haka yake, kuma duk mai kare YOUmedia da sunayen taurari kaɗai ya gina hujjarsa a kan yashi. Ma'aunin da ya fi dacewa shi ne binciken da wata cibiyar nazarin makarantu ta Jami'ar Shikago ta fitar a 2013. Binciken ya nuna cewa mafi yawan masu zuwa baƙaƙen fata ne, da yawa daga unguwanni masu nisa. Ya nuna cewa masu duƙufa kan ƙirƙira ba su ne suka fi rinjaye ba, akwai rukuni babba da ke zuwa don karatu da aikin makaranta, akwai masu zuwa don hira. Ya kuma nuna cewa matashi ba ya tsallakawa daga hira zuwa ƙwarewa don kawai an ajiye na'ura a gabansa, sai wani babba ya jawo shi. Matasan sun ce suna jin aminci a wurin, suna kuma da manyan da suka yarda da su. Ga mai neman masana'antar taurari wannan sakamako kaɗan ne. Amma a birnin da a wannan shekarar ta 2013 ya rufe makarantun gwamnati kusan 50, akasarinsu a unguwannin baƙar fata, wurin da yaro zai zauna lafiya bayan an tashi daga makaranta, kusa da babban da ke tambayar aikinsa, ba ƙaramin abu ba ne.

Suka ta uku ta kuɗi ce: shirin da aka gina da dukiyar gidauniya yakan mutu ranar da gidauniyar ta juya baya, kuma abin da ya yiwu a birnin da gidauniyar MacArthur take ba lalle ya yiwu a wani wuri ba. Tarihi ya ba wannan magana gaskiya rabi. A 2011 da 2012 hukumar tarayya mai kula da gidajen tarihi da ɗakunan karatu ta haɗa kai da MacArthur suka ba wurare 24 a faɗin Amurka tallafin tsara irin wannan ɗaki, daga baya kuma yayin ɗakunan ƙere-ƙere ya bazu, kowa na sayen na'urar buga abubuwa da injin yanka. Hatsarin a fili yake. Na'ura ana sayenta sau ɗaya, a ɗauki hoto ranar buɗewa. Jagora kuwa albashi yake ci duk wata, ba ya kuma fitowa da kyau a rahoton ƙarshen shekara. Idan kuɗi ya ja baya shi ake fara sallama, a bar ɗaki cike da kaya ba mai nuna yadda ake amfani da su. Shikago ta kauce wa wannan ne da ta fara saka shirin a kasafin birni, ta ɗauki ma'aikatan matasa na dindindin, har ya bazu zuwa rassa fiye da 20. Haka reshen Hall ya rayu a tsakiyar karayar tattalin arzikin shekarun 1930: attajiri ya taimaka da fili, amma albashin Harsh da Rollins daga harajin jama'a ya fito, shi ya sa suka daɗe har yaran da suka raina suka kawo musu nasu yaran.

Akwai kuma mai cewa zamani ya wuce wannan muhawara, tunda wayar da ke aljihun matashi a yau tana ɗaukar bidiyo da sauti fiye da kayan da aka saya a 2009, darussa kuma na nan kyauta a YouTube. Lalle kayan aiki sun yi arha, kuma hakan ya rage nauyin rabin farko na aikin laburare. Amma ya ƙara wa rabi na biyu nauyi. Darasin intanet ba ya sauraron waƙar yaro ya ce masa baiti na biyu ya yi rauni, ya koma ya gyara. Ba ya lura cewa yarinyar da ba ta fashin zuwa ta yi mako biyu ba a gan ta ba. Ba ya rubuta wa kowa takardar shaida zuwa jami'a, ba ya haɗa shi da mai situdiyon da ke neman yaro. Waɗannan su ne abubuwan da ɗan masu hali ke samu a gida ba tare da ya nema ba, ta hanyar iyaye da abokan iyaye. Da na'ura ta zama ta kowa, bambancin da ya rage tsakanin ɗan mai kuɗi da ɗan talaka shi ne wa ya sani, wa kuma ya damu da ci gabansa.

Saboda haka darasin shekaru 150 na laburaren Shikago darasi ne na jerin fifiko. Birnin ya yi nasara da matasansa sau biyu a fili, a shekarun 1930 da kuma bayan 2009, kuma a duka lokutan biyu abin da ya yi iri ɗaya ne: ya ɗauki gwanaye waɗanda suka san unguwannin yaran, ya biya su, ya bar su suka daɗe, ya ba su 'yancin tara matasa a rana sananniya. Kayan aikin sun sauya daga littafi zuwa makirufo, za su kuma sake sauyawa. Duk hukumar da ke son maimaita abin da aka yi a can, ko a wace ƙasa take, ya kamata ta fara lissafinta daga albashin mutanen da za su zauna da yaran, abin da ya rage ta sayi na'ura da shi. Wadda ta juya jerin za ta samu ɗaki mai kyan gani da zai tsufa cikin shekara biyar. Wadda ta bi shi za ta samu matasan da suka iya wani abu, suka kuma koyi cewa wajibi ne su koya wa na bayansu, kamar yadda almajiran Mike Hawkins suka yi.